Bijimi ruwa-biyu ga ƙaramin garken nama: Brahman, Simental, Firisiyan, ko a tsaya kan Bokolo?

Mai shanu goma sha biyar ko ashirin da ya sayi saniya marar kyau ya yi asarar saniya ɗaya. Wanda ya sayi bijimi marar kyau kuwa ya ɓata maruƙan shekara uku, domin rabin jinin duk maraƙin da za a haifa a garken daga wurinsa zai fito. Duk da haka, cinikin bijimi shi ne wanda aka fi yi da ido kawai. A kara, ko a gonar da ake sayar da 'yan kuros, wato shanu ruwa-biyu, abin da ke jan mai saye shi ne faɗin ƙirji da cikar cinya da sheƙin jiki. Yawancin wannan aikin dusa ne da angurya na wata uku. Abin da bijimin zai gadar wa 'ya'yansa daban ne, kuma ana iya lissafa shi tun kafin a taya.

Lissafin jini

Bijimin da ubansa Simental ne tsantsa, uwarsa Bokolo, rabi da rabi ne. In ya hau saniyarka Bunaji, maraƙin zai fito da kwata na Simental, kwata na Bokolo, rabi na Bunaji. Nan ne mutane da yawa suke jin an cuce su: sun ga ƙaton sa ja mai farar fuska, sun ɗauka 'ya'yansa haka za su fito, sai ga maruƙa masu tozo da ƙaho da suka fi kama da iyayensu mata. Ba a cuce su ba, lissafin ne haka. Bijimi mai kashi uku cikin huɗu na jinin waje yana ba maraƙi kashi 37.5 cikin 100. Sai bijimi tsantsa, ko allurar barbara da maniyyin tsantsa, ke ba da rabi cif.

Akwai abu biyu da suka biyo bayan wannan. Na farko, 'ya'yan bijimi ruwa-biyu ba sa fitowa bai ɗaya. Kowane ɗigon maniyyinsa yana ɗauke da gauraye daban na jinin ubansa da na uwarsa, saboda haka a shekara guda za ka ga wani maraƙin ya ɗebo jikin Turai, wani kamar ba a taɓa haɗa shi da komai ba. Na biyu, wannan ƙarin lafiya da saurin girma da ake gani idan an haɗa jini biyu masu nisa da juna ya fi ƙarfi a haihuwar farko. Idan ruwa-biyun ya koma kan shanun gida, kusan rabin wannan albarkar ce ke saura. Bijimin ya fi 'ya'yansa morar haɗin, ke nan kada a auna su da shi.

Kwata ɗin nan ba abin rainawa ba ne. Ga garken da ke fita kiwo, yana taka ƙasa mai zafi, yana gamuwa da kaska, kwata na jinin Turai shi ne ma'aunin da ya fi zama lafiya. Daga rabi zuwa sama, dabba tana fara neman inuwa da abinci da magani irin na gonar da ke da katanga da rijiyar burtsatse.

Shanunka ne za su zaɓa

Kafin a je ko'ina, a auna shanun gida. Ba sai da sikeli ba. Ɗauki tef ɗin tela, ka zagaya ƙirjin saniya daidai bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, ka rubuta santimita nawa. Sannan ka auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawo, ka raba da 10,840. Karsanar da ƙirjinta ya ba da 145, tsawonta 120, tana wajen kilo 233. Lissafin kan kauce kaɗan, amma ya fi kintace nesa ba kusa ba. Manyan shanun Bunaji mata sukan tsaya tsakanin kilo 250 da 380, kuma wannan tazara ita ce ke raba wadda za ta haifi ɗan Simental da kanta da wadda za a kwana ana ja.

Sai abinci. Tambayar ba ta damina ba ce, lokacin da kowace dabba ke sheƙi. Me garken ke ci daga Maris zuwa ƙarshen Mayu? In amsar ita ce karan dawa da abin da suka tsinta a daji, to jinin da ke girma da sauri zai fi kowa ramewa, domin girman jiki ci yake nema. In akwai rumbun harawar gyaɗa da ta wake, da ɓawon wake, da dusa da aka saya tun kaka tana da araha, magana ta sauya.

Sai kasuwa. Maraƙin da za a sayar wa mai turke ko mahauci, nauyi ake bi. Wanda zai zama san huɗa, manomi zai duba tozo, saboda karkiyar da ake amfani da ita a nan gaban tozo take zama, kuma zai duba ko dabbar za ta jure rana. Kasuwar layya kuma tana da nata sharaɗin da saurin girma ba ya gyarawa: a mazhabar Malikiyya sai sa ya cika shekara uku, wasu mazhabobin suka ce biyu. Ɗan kuros da ya kai girman yanka a wata goma sha takwas bai shiga wannan kasuwar ba tukuna, komai ƙibarsa.

Ruwa-biyun Brahman

Brahman sa ne mai tozo kamar namu. A jihohin kudu na ƙasar Amurka aka gina shi daga shanun Indiya irin su Guzerat da Nelore da Gir, aka yi ta zaɓe don nama. Haɗa shi da Bokolo ko Bunaji haɗin dangi ne, ba baƙo ba. Yana jure zafi, gashinsa gajere ne, fatarsa sakakkiya, yana iya tafiya. 'Ya'yansa suna riƙe tozo, suna ƙara tsawon jiki da cikar cinya, wato daidai inda Bunaji ya gaza. A kasuwa ba a yi musu kallon baƙi.

Matsalarsa babba kirci ce, wato ciwon fatar nan mai yin ɓawo. Kamaru ta ga haka. A tashar Wakwa da ke kusa da Ngaoundere, tun 1952 aka shigo da bijiman Brahman daga Amurka aka haɗa da Gudali, aka samar da irin da ake kira Wakwa. Girma ya ƙaru, amma kirci ya kama jinin Brahman fiye da yadda yake kama shanun gida, har sai da aka koma ana fitar da zuriyar da cutar ta fi so. Kirci yana tafiya ne da danshi da kuma babbar kaskar nan mai zane a baya da doguwar baki. Ke nan a Sakkwato, Katsina, Jigawa, Yobe, Maraɗi da Damagaram, inda damina gajera ce, haɗarin ya ragu. A kudancin Kaduna, Neja, Nasarawa, Taraba da tudun Adamawa kuwa, wanda ba zai iya wankin kaska duk mako ko mako biyu a damina ba ya bar Brahman inda ya gan shi.

Na biyu, kuben gabansa. Jinin Brahman yakan zo da fatar cibiya da kube mai reto har kusa da gwiwa. A gonar ciyawa ba komai. A dajin ƙaya da kututturen dawa, bakin kuben yakan fito ya ji ciwo, ya kumbura, ya ƙi komawa, kuma bijimin da wannan ta same shi sau da yawa ya gama aiki. A zaɓi mai kube a ɗame, wanda bakinsa ke kallon gaba, ba ƙasa ba. Na uku, hali. Brahman da ya tashi a hannun mutane yana da sauƙi, amma wanda ya tashi a fili ba a taɓa shi yakan zama mai firgita, ga tsalle. A garken da yara ke kora, wannan abin dubawa ne. Kuma 'ya'yansa mata ba sa saurin balaga, don haka ba zai gyara jinkirin haihuwar fari da shanunmu ke da shi ba.

Ruwa-biyun Simental

Idan nauyi a kan sikeli ake nema, nan ne ake samun ƙari mafi girma. Simental daga kwarin kogin Simme a ƙasar Suwizalan ya fito, kuma an gina shi don nama da nono duka biyu. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda masu kiwon nama ke zato. Abin da ke hana maraƙin Bunaji girma a wata shida na farko, ban da tsutsar ciki, shi ne ƙarancin nono, musamman inda ake tatsa a bar masa saura. 'Ya'ya mata na bijimin Simental suna ba da nono fiye da iyayensu, suna balaga da wuri, don haka ribar gaske tana fitowa ne a jikoki. A Kamaru ma an yi wannan haɗin da Gudali, ana kiransa Simgud.

Kuɗin wannan riba ana biyansa a wuri uku.

Haihuwa ce ta farko. Maraƙin Bunaji yakan faɗo da kilo 20 zuwa 25. Na Simental tsantsa ya kai 40 ko fiye, ga faɗin goshi da kafaɗa. Ɗan bijimi ruwa-biyu yana tsakani, kuma saniyar da ta haihu sau biyu ko uku yawanci tana fitar da shi lafiya. Karsana ce abin tsoro. Wadda ba ta kai kilo 250 ba kada a bari ya hau ta, kuma mafi aminci shi ne cikin fari ya zama na bijimin gida, na biyu a ba ɗan kuros. A ƙaramin garke da ke kwana wuri ɗaya wannan na nufin raba karsanoni da igiya ko shinge, aikin da mutane ke raina wa har ranar da aka rasa uwa da ɗa. In faya ta fashe, saniya ta yi awa ɗaya zuwa biyu tana nishi ba ci gaba, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta leƙo, a kira malamin dabbobi. Ɗaura igiya a ja da ƙarti huɗu yana yaga mahaifa.

Zafi ne na biyu, kuma ɓarnarsa a ɓoye take. Maraina suna buƙatar zama da sanyi fiye da sauran jiki da 'yan digiri kaɗan kafin su yi maniyyi mai kyau, kuma maniyyi yana ɗaukar kusan kwana 60 kafin ya nuna. Bijimin da ya sha ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ko wanda zazzaɓin kaska ya kwantar na mako guda, zai iya yin wata biyu yana hawa ba ciki. Wata biyun nan su ne Yuni da Yuli, daidai lokacin da ciyawa ta fito shanu suka fara neman barbara. Mai garke yana ganin bijimi na aiki, sai bayan kwana 21 shanun su sake nema, su kuma sakewa. Rabin jinin Turai ya fi shiga wannan tarko. Maganinsa rumfa mai tsawo da iska ke ratsawa, ruwa a gabansa kullum, wanda a bazara zai sha lita 50 ko fiye, da hana shi fita kiwon tsakar rana.

Na uku ido da fata. Farar fuskar Simental tana bin zuriya da ƙarfi. Idan fatar da ta zagaye idon ja-ja ce ba baƙi ko ruwan ƙasa, rana da ƙuda da ƙurar hunturu suna sa ido hawaye da ciwo, a wasu ma ya zama ciwon daji in shekaru sun ja. A zaɓi wanda ke da duhu zagaye da ido kamar an sa masa kwalli, mai gajeren gashi kwance. Mai gashi a tsaye kamar bargo gidan kaska ne.

Firisiyan: kuskuren da aka fi yi

Mafi yawan abin da ake kira ɗan kuros a kasuwanninmu jinin Firisiyan ne, saboda shi aka fi daɗewa ana haɗawa. A Shika kusa da Zariya, inda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI take, tun shekarun 1960 ake haɗa Firisiyan da Bunaji, kuma gonakin madara na Kano da Kaduna da Jos kullum suna da maruƙa maza da ba su da amfani da su. Su ne ke zuwa kara da araha. Firisiyan na nono ne. Yana da ƙashi da tsawo da babban ciki, yana kuma girma in ya samu ci, amma cinyarsa a shafe take, kuma baƙin jikinsa na shan rana. Wanda iyalinsa ke sayar da nono ko kindirmo, nama kuma na biye, zai ci riba da 'ya'yansa mata. Wanda nama kaɗai yake nufi ya sayi cin abinci mai yawa da nama kaɗan a kan babban ƙashi.

Bonsmara da Brangus

Waɗannan haɗi ne da aka daɗe ana aurar da su a junansu har suka zauna suka zama iri, saboda haka 'ya'yansu sun fi na ruwa-biyu fitowa bai ɗaya. Bonsmara na Afirka ta Kudu ne, aikin Farfesa Jan Bonsma a tashar Mara: kashi biyar cikin takwas Afrikaner, sauran ukun Hereford da Shorthorn. Ja ne, mai santsin gashi, maruƙansa ba su cika girma a ciki ba. A kan Bunaji yana ba maraƙi ƙasa da kashi 19 cikin 100 na jinin Ingila, saura duk jinin Afirka. A takarda, shi ne ya fi dacewa da ƙaramin garke. Brangus kuwa kashi biyar cikin takwas Angus ne, uku Brahman. Yana ba maraƙi kusan kashi 31 na Angus, ba ya da ƙaho kuma rashin ƙahon yana rinjaye a 'ya'ya. Jan ya fi baƙin dacewa da ranarmu. Cikas ɗinsu ɗaya ne: na gaske kaɗan ne a ƙasar nan, kuma duk jan sa marar ƙaho dillali zai iya laƙaba masa sunan. In ba takarda ko lambar maniyyin da aka yi wa uwarsa allura da shi, sunan ba ya ƙara masa ko sisi.

Bokolo da Azawak, ma'aunin da za a gwada kowa da shi

Haɗa Bokolo da Bunaji shi ma haɗi ne, kuma makiyaya sun daɗe suna yi. Bijimin Bokolo mai kyau yana haura kilo 450, ga zurfin jiki, ga gajeren ƙaho ko ma babu, ga sanyin hali, masu turke kuma suna son sa. Ba ya buƙatar rumfa ta musamman, maruƙansa ba sa maƙalewa, kuma in rani ya yi tsanani yana ramewa ya farfaɗo. A Nijar da kan iyaka, Azawak yana wannan matsayi. An daɗe ana zaɓensa a tashar Tukunus ta yankin Filinge, yana da nono, yana jure fari fiye da kusan kowa. Ga garken da ba ya da tanadin abincin bazara, zaɓaɓɓen Bokolo ko Azawak ya fi kowane ɗan kuros da aka ambata a sama, kuma babu kunya a cikin wannan. Maraƙi mai rai ɗan kilo 100 a yaye ya fi na kilo 130 da ya mutu a Afrilu.

Inda ƙudan tsando yake, kamar gefen Binuwai da Kwara da arewacin Gana, lissafin ya juye gaba ɗaya. Sammore, cutar da ƙudan ke sa wa shanu, ba ya barin mai tozo, balle jinin Turai. A can haɗin da ke da ma'ana shi ne da N'Dama ko Muturu, irin wanda ya haifar da Keteku a Najeriya da Sanga a Gana: jiki ƙarami, amma yana rayuwa yana haihuwa.

Duba bijimin da kansa

Iri ya ba da rabin amsa, sauran rabin yana jikin wannan sa ɗin da ke gabanka. Gona ta fi kara, domin a gona za ka ga uwarsa, ka ga 'yan'uwansa, ka tambayi nauyinsa ranar haihuwa. A kara, in ka ce wa dillali, "Alhaji, wane ne ubansa?" ya ce maka, "Ai ranka ya daɗe gani ya kori ji, ɗan waje ne," to ka san cinikin biri a sama ake shirin yi.

Fara da baki. Haƙoran girma biyu na tsakiya suna fitowa wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, huɗu wajen shekara uku, takwas sun cika bayan shekara huɗu. Mai biyu ko huɗu shi ne abin saye: ya balaga, kuma aikinsa na gaba. Wanda bakinsa ya cika har haƙora sun fara cinyewa, tambayi kanka me ya sa mai shi ya rabu da shi.

Sannan a sa shi ya yi tafiya a ƙasa mai tauri, ka tsaya a bayansa, ka koma gefe. Ƙafar baya ta sauka a sawun ta gaba ko kusa da shi. Lokacin hawa duk nauyinsa kan ƙafafun baya yake komawa, saboda haka ƙafa miƙaƙƙiya kamar turke, ko kofato da ya yi tsawo ya karkace, ko tsiro tsakanin kofatai, duk dalilin fasawa ne. Kumburi mai ruwa a gwiwa, wanda makiyaya ke kira bakkale, alama ce ta ciwon ɓari. Kada a taya ma.

Sai maraina, inda yawancin masu saye ke jin nauyin kai hannu. A ɗaure shi da kyau, a tsaya a gefe. 'Ya'yan su zama biyu, girmansu ɗaya, suna motsi a cikin jaka, taurinsu kamar damtsen da aka ɗaure, ba taushi kamar tumatir ba, ba tauri kamar dutse ba. A ja su ƙasa a hankali, a zagaya tef a wuri mafi faɗi. Ma'aunin da likitoci ke bi ga shanun Turai shi ne aƙalla santimita 30 a wata 15, da 34 a shekara biyu. Masu tozo suna jinkiri, amma ruwa-biyu ɗan shekara biyu da bai kai 30 ba a bar shi. Girman maraina yana tafiya da yawan maniyyi, kuma 'ya'ya mata na mai manyan maraina sukan balaga da wuri. Jakar ta kasance da wuya a fili, tana sauka in ana zafi. Wanda aka cika wa kitse har wuyan jakar ya toshe, maniyyinsa na dahuwa a ciki.

Abu uku ido ba ya gani, sai likita: gwajin jini na ciwon ɓari, gwajin fata na tarin fuka wanda ake karantawa bayan awa 72, da duban maniyyi a madubin likita, inda ake son aƙalla kashi 70 cikin 100 su kasance masu siffa daidai. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna irin wannan aiki. Kuɗinsa bai kai na maraƙi ɗaya ba. Ciwon ɓari kuma yana kama mutane ta ɗanyen nono da taɓa mabiyiya, don haka ba shanu kaɗai ake karewa ba.

Bayan an kawo shi gida

A killace shi shi kaɗai kwana 30, nesa da garke, da kwamin ruwansa daban. A cikin wannan wata a yi masa wankin kaska, a ba shi maganin tsutsa da na ciwon hanta, a yi rigakafin ciwon huhu da harbin daji, waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi. A saye shi aƙalla wata biyu kafin lokacin barbara, domin wahalar mota da sauyin wuri kan taɓa maniyyi. Wanda ya taso a kan dusa kada a sake shi daji rana ɗaya, a rage masa a hankali cikin mako uku.

Bijimi mai kilo 500 yana cin kusan kilo 12 na busasshen abinci a rana, wato sama da tan huɗu a shekara. Yawancinsa harawa da ciyawa, sai kilo 2 zuwa 3 na haɗin dusa a rani, da gishiri da kanwa. A yi hattara da angurya. Tana da sinadarin da ke lalata maniyyi in ta yi yawa, musamman ga matashin bijimi. Abincin turke ce mai kyau, amma ga na barbara kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa. Ƙuli-ƙuli ko dusar waken soya sun fi aminci.

Cikakken bijimi yana ɗaukar shanu 25 zuwa 30. Matashi kuwa a ba shi saniya ɗaya ga kowane watan shekarunsa: ɗan wata 20, shanu 20 ne iyakarsa. Ciki yana ɗaukar wata tara da 'yan kwanaki, saboda haka barbarar Agusta da Satumba tana kawo haihuwa a Mayu da Yuni, maraƙi ya tarar da ɗanyar ciyawa, uwa ta samu nono. Duk wannan ba zai yi aiki ba in akwai wasu 'yan bijimai a garken, ko ana haɗuwa da shanun maƙwabta a mashaya. Ɗan kuros yakan yi sanyin jiki da rana, ƙaramin Bunaji kuwa ba ya gajiya, sai ya riga shi. A fiɗiye duk namijin da ba a nufin barbara da shi tun yana ƙarami.

Wanda shanunsa mata ba su kai goma ba, tan huɗun nan ya yi masa yawa a kan maruƙa biyar ko shida. Ko dai maƙwabta uku su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, bisa sharaɗin an gwada shanun kowa, ko a koma allurar barbara. Allura tana ba da rabin jini kai tsaye, wanda ya fi kwata buƙatar kulawa, kuma shanu masu tozo neman barbararsu gajere ne, sau da yawa cikin dare, don haka ana yawan kuskure lokaci in ba an yi musu allurar daidaita lokaci ba.

Bayan shekara uku 'ya'yansa mata sun isa hawa, dole ya bar garken ko a raba su. Wanda zai gaje shi ya danganta da abin da aka gani a ƙasa. In 'yan kwata sun ratsa bazara biyu ba su zube ba, kuma rumbun harawa ya ƙaru, wani ruwa-biyun daga wata zuriya zai kai jikoki kashi 37.5. In su ne ke fara ramewa, su ne kaska da kirci suka fi kamawa, a sa musu Bokolo, jinin ya sauko zuwa kashi 12.5, nonon iyayen kuma yana nan.